Sunan Asma'u a Bakin Baffanta

Shekara biyu bayan an koma tuƙin hannun dama aka kai Lauwali asibiti a Ikko, likitoci suka cire masa maƙogwaro saboda ciwon daji. Ya dawo Roni da 'yar ƙofa a wuya wadda yake numfashi ta cikinta, yana rufe ta da ƙyalle. An koya masa haɗiyar iska ya dawo da ita kamar gyatsa, ya yi magana da ita. Maganar tana fita, amma a karkace: "s" ta koma "z", "k" ta koma "g", "h" kuwa ta ɓace ɗungurungum.

Ga shi an sa ranar auren Asma'u, 'yar marigayi wansa, wadda ya riƙa tun tana rarrafe. Shi ne waliyyi.

Ƙanensa Daudu ya ce, "Yaya, ka huta, ni sai in tsaya maka. Ko kuwa ka motsa baki kawai, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a."

Lauwali ya harare shi. Mutum ne mai kafiya tun yana da murya, rashinta kuwa bai rage komai ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, a ce yana raye wani ya ba da 'yarsa.

Kullum da hantsi sai ya zaunar da matarsa Mairo ta juya masa baya tana ɓarar gyaɗa, don kada ta karanci leɓɓansa, shi kuma ya riƙa gwada faɗin sunayen amarya da ango.

"Azma'u," in ji shi.

"Malam, ban san ta ba," in ji Mairo, ko waiwayowa ba ta yi.

Mairo ba ta da sassauci, shi ya sa ya zaɓe ta. Ya gano in ya matse iskar da ke cikin baki kaɗai ya sake ta tsakanin haƙora, "s" tana fita tas. Sunan ango, Halliru, shi ya fi ba shi wuya. Kwana arba'in suna wannan fama.

Ran ɗaurin aure ƙofar gida ta cika, har da dangin ango daga Gwiwa. Liman ya nemi waliyyi. Falalu sanƙira, wanda aikinsa maimaita kowace magana da ƙarfi, ya gyara tsayuwa.

Lauwali ya haɗiyi iska. "Na ba Halliru," ya tsaya, ya sake haɗiya, "auren 'yata Asma'u."

Muryar ƙasa-ƙasa ce, da kaushi, amma kowane harafi ya zauna a wurinsa. Sau uku ya faɗa, gumi na zuba masa. Daudu ya sunkuyar da kai yana share ido.

Liman ya dubi sanƙira, yana jira ya ɗaga. Falalu ya buɗe baki, ya dubi jama'a har na can bakin hanya, ya ga kowa ya yi tsit.

"Allah gafarta Malam," ya ce a hankali, "sun ji."