Igiyar Mai Wanki

Filin da ke tsakiyar unguwar ba wani abin kallo ba ne, kada a yi ƙarya. Jar ƙasa ce da bishiya guda a can ƙarshe, sai bencina masu ɗingishi, sai sandunan Mai Wanki da igiyar shanyarsa, wadda ta taso daga kusa da ƙofar gidan Direba ta miƙe har gindin bishiyar. Amma a wurin matar Direba, igiyar nan ta fi mata duk magungunan da ke jere a kan tagarta.

Mijinta ya yi rayuwarsa yana jan babbar motar fasinja, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare gaba ɗaya. To a ina? Ɗakinsu kana motsawa ka yi karo da keken ɗinkinta, titi kuwa 'yan babur ba sa ganin mai lafiya ma, balle mai jan ƙafa. Mai Wanki ne ya kawo dabara. Ya sauko da layi ɗaya na igiyarsa daidai ƙirji, ya ɗaure shi tamau, ya ce, "Baba Direba, ga titinka."

Tun daga ranar, kullum da hantsi Direba zai fito ya kama igiya da hannunsa mai lafiya, ya ja ƙafa yana ratsa zannuwan gado da rigunan mutane. In ya isa bishiya sai ya daki jikinta da tafin hannu ya ce, "Tasha!" Ita kaɗai ce kalmar da ke fita tas daga bakinsa, sauran maganganunsa sai matarsa ta fassara.

Ana nan sai aka wayi gari an kafa wani ƙaton allo a bakin filin, da hoton gini mai gilasai. Wai wani kamfani ne zai gina katafaren kanti, da wurin ajiye motoci da katanga ta zagaye. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne abin da kamfanin ya gaya wa hukumar gari: wai filin kango ne, babu mai amfani da shi.

"Kango?" in ji matar Direba, ranar da aka taru a barandar Hedimasta, tsohon shugaban makarantar da ya yi ritaya. "Mu ne aljanun da ke cikinsa ke nan?"

Kowa da abin da ke cinsa. Mai ƙaramin kanti yana tsoron rasa masu saye, Mai Aski yana kukan bencinsa, masu jego suna maganar ƙarar janareta da manyan motocin kaya. Matar Direba dai magana ɗaya take nanatawa: in aka zagaye filin nan, mijinta zai koma gado, kuma ta san ba zai sake tashi ba. Aka kai kuka, aka yi ta zirga-zirga kamar ƙafa za ta tsinke, har hukuma ta ce za ta aiko kwamiti ya gani da idonsa.

A nan ne Hedimasta ya gyara zaman tabarau. "Ku saurare ni. Shekara da shekaru ina karɓar masu duba makaranta. Duk wanda ya zo duba wuri, tsafta yake fara gani. In suka tarar da tarkace, sun raina mu ke nan."

Wallahi babu wanda ya musa, don yawancinsu a hannunsa suka yi karatu, kuma har yau in ya yi gyaran murya sai kowa ya shiga taitayinsa. Aka duƙufa. Aka kwashe bencina aka cusa a shagon Mai Aski. Aka ɗauke duwatsun da yara ke yin raga da su, aka naɗe tabarmar tsofaffi, aka mirgina tayoyin bakanike bayan gida. Mai Wanki ya tumɓuke sandunansa yana gunaguni, ya naɗe igiya ya jefa a baho. Matar Direba kuwa ta fi kowa zaƙewa, ta yi shara har bayanta ya riƙe. Aka kulle yara a gida, manya suka ci ado suka jeru a bakin titi kamar masu jiran mai hoto.

Motar hukuma ta iso. Shugabar kwamiti ta fito, wata dattijuwa mara yawan fara'a, sai wakilin kamfani a bayanta, wanda unguwa ta riga ta laƙaba wa Mai Kwat. Ya dubi filin fes, fayau, ya yi wani murmushi da ya kai har kunne.

"Ranki ya daɗe, ai ba sai na yi magana ba," ya ce. "Ga shi kin gani. Ko kaza babu."

Matar Direba ta dubi filin da ta share da hannunta, sai yanzu ta ga abin da baƙi ke gani. Kango ne sosai, kuma su suka mai da shi haka. Kai, wannan wauta da me ta yi kama! Hedimasta ya fara karanta jawabin maraba, shugabar kuwa har ta fara duban agogo.

Sai ƙofar gidan Direba ta yi ƙara. Hantsi ya yi, kuma mutumin da bai taɓa makarar tashin mota ba ba zai fasa fita don zuwan kwamiti ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a karkace, ya miƙa hannu inda igiya take zama, ya damƙo iska. Ya sake lalubawa.

Matarsa ta ruga. "Maigida, yau babu igiya. Koma ciki, don Allah, gobe ka yi."

Ya harare ta, ya ture hannunta, ya jefa ƙafa gaba. Ya yi tangal-tangal zai kifa, sai ga Mai Wanki ya sha gabansa, ya tsaya ƙyam daidai ramin sandarsa ta farko, ya miƙe hannu.

"Kama nan, Baba Direba. Titi a buɗe yake."

Direba ya kama. Mai Aski ya bar layin 'yan ado ya je ya tsaya a gaba. Mai kanti ya bi, bakanike ya bi, masu jego suka bi da goyonsu. Babu wanda ya nuna wa wani inda zai tsaya, don kowa ya san hanyar igiyar nan kamar hanyar ɗakinsa. Hedimasta ma ya ninke jawabinsa ya tura aljihu, ya shiga sahu. Direba ya riƙa sakin hannun wannan yana kama kafaɗar wancan, ƙafarsa na jan ƙasa a cikin wani siririn kwari da ta daɗe da haƙawa, wanda tsintsiya ta kasa gogewa.

"Me ke faruwa a nan?" in ji shugabar kwamiti.

Ai kamar jira matar Direba take. Ta manta da ranki ya daɗe, ta manta da jan kunnen Hedimasta na kada kowa ya ɗaga murya. "Abin da ke faruwa kullum ke nan, Hajiya! Mijina ne. A nan ya koyi tafiya bayan an ce ba zai ƙara takawa ba. Akwai igiyar wanki a nan, akwai bencina, akwai yaran da ke hana mu barcin rana da ƙwallo. Mu ne muka kwashe komai don kada ku ce mu ƙazamai ne. Wauta ce muka yi, amma filin nan ba kango ba ne!"

Shugabar ta dubi kwarin da ke ƙasa, ta dubi ramukan sanduna a jere. Bakinta ya motsa kamar mai danne dariya. "To, ku maido min da ƙazantar taku in gani."

Tirƙashi! Aka buɗe wa yara ƙofa suka ɓarke da ihu. Bencina suka fito a ka, tayoyi suka mirgino, tsofaffi suka shimfiɗa tabarma suka zauna daidai inda suka saba. Ƙwallo ta tashi ta sauka a kan takalmin Mai Kwat, wanda ke ta faɗin ai shiri ne, ai haɗa baki aka yi. Shugabar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce a gaban kowa ba za ta sa hannu a kan cewa wurin nan kango ne ba. Haka kuwa aka yi, don ba a daɗe ba hukuma ta hana izinin ginin, kamfani ya aiko aka cire allonsa.

Amma matar Direba ba ta ji maganar shugabar ba a lokacin, don hankalinta na wani wuri. Garin rububin ɗauko kaya, mutanen da ke ƙarshen sahu sun watse. Direba ya saki kafaɗar Hedimasta, ya duba gaba, babu kowa tsakaninsa da bishiya. Ta yunƙura za ta ruga, Mai Wanki ya ce, "Yaya, tsaya tukuna."

Ta tsaya, hannunta a ƙirji, tsoro kamar zai kashe ta. Direba ya ɗaga ƙafa mai lafiya ya dire. Ya jawo ɗayar. Ya yi luu, ya daidaita. Ya sake takawa, babu igiya, babu kafaɗa, babu kowa. Har yara suka riƙe ƙwallonsu suna kallo. Ya kai hannu ya daki bishiyar da ƙarfin da ya sa hularsa ta faɗi.

"Tasha!"

Unguwa ta kaure da sowa. Matar Direba ta zauna daɓas a jar ƙasar nan da kayan adonta, tana kuka tana dariya, ba ta damu da wanda ke kallo ba. Mai Wanki ya iso da bahonsa yana warware igiya, ya ce bari ya ɗaura ta yanzu don komawa gida. Direba ya girgiza kai, ya yi wata doguwar magana a cikin harshensa mai nauyi, kowa ya juya yana jiran fassara.

Ta share hawaye da gefen mayafi. "Wai ka shanya wankinka," ta ce. "Shi da ƙafarsa zai koma."