Kaset Daga Ikko

"Rediyo mai kaset? Haba Baba, a wannan zamanin?"

Shago na bakwai ke nan da Mudi ya shiga a kasuwar Funtuwa tun hantsi, amsar kuma ɗaya ce, dariyar ce kawai ke bambanta. Mai wannan shagon har maƙwabcinsa ya kira ya zo ya ga abin tarihi. Mudi ya karɓe kaset ɗinsa ya mayar aljihun gaba, ya fito.

Ba shi da lokacin fushi. Mahaifiyarsa Maijidda, wadda suke kira Gwaggo, kwana biyar ke nan tana kwance a asibiti ba ta sa komai a bakinta ba. Tun bara da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na bayan Dandume, hankalinta ya koma baya da shekara kusan arba'in, ya yi zamansa a can. A wurinta mijinta Malam Bature yana nan a Ikko yana sayar da goro, direba kuma yana hanya da saƙonsa. Ta ce ba za ta ci ba sai ta ji lafiyar Malam. An sa mata roba ta hanci, sau biyu tana fizgewa har da jini. Da safen nan likita ya ja Mudi gefe ya ce jijiyoyin hannunta sun ɓuya, ƙarin ruwa ma nema yake ya gagara. In ba ta ci da bakinta ba yau ko gobe, sai dai addu'a.

Malam Bature kuwa tun 1987 ƙasa ta rufe shi a Agege, can Ikko. Abin da ya rage na muryarsa shi ne wannan kaset, na ƙarshe da ya aiko, wanda Najiba ƙanwar Mudi ta tono jiya daga ƙasan kwallar Gwaggo, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ga kaset, babu abin sa shi.

Wani dattijo mai sayar da fitilu ne ya ji tausayinsa.

"Ka je layin masu gyaran waya, ka tambayi Masali. In babu a wurinsa, to ka haƙura."

Sunan yanka Marcellinus ne, amma bakin Funtuwa ya daɗe da rage masa tsawo. A nan aka binne cibiyarsa, ubansa ne mai babban shagon rediyo na bakin tasha a da. Yanzu yana zaune cikin wata 'yar rumfa da tabarau a kan hanci, yana tiyatar wayoyin 'yan zamani. Ya ɗago ya dubi Mudi, ya daɗe yana duba.

"Kai ba ɗan Malam Bature mai goro ba ne? Wanda ke zuwa sayen batir ya ce sai an gwada a harshe?"

Mudi bai iya dariya ba. Ya zayyana masa komai a tsaye, har ya kai ga maganar likita. Masali ya ture wayar da ke gabansa, ya durƙusa da ƙyar ya shiga jawo kwalaye daga ƙarƙashin tebur. Daga na uku ya fito da wata baƙar rediyo mai hannu, gizo-gizo ya yi gida a bakinta.

"Ta babana ce. Bel ɗin da ke juya kaset ya tsinke, amma zauna, Malam Mudi. Uwa ai ba wasa ba ce."

Ya kwance bayanta, ya yanko siririyar roba daga tsohuwar tayar keke. Hannunsa na aiki, bakinsa ma na aiki, don Masali irin mutanen nan ne da ba su iya gyara shiru ba.

"Ka tuna lokacin auduga? Motoci sun yi layi tun daga injin gurza har tashar jirgi. Ranar da aka sallami manoma, babana ba ya cin abincin rana. Kowa rediyo, kowa keke. A kai wa tela ya ɗinka wa rediyon riga, a rataya ta a ƙahon keke, mutum ya taka har Malumfashi yana jin labarai, ba mai tare shi sai mai tambayar ƙarfe nawa. Yau ka ce za ka Bakori da la'asar, sai matarka ta riƙe maka riga."

Mudi yana ji, yana kallon agogon wayarsa. Amma hira irin wannan ba ta neman izini, sai da ta ja shi. Ya tuna yadda ake yi in kaset ya zo. Malam bai yarda da wasiƙa ba, ya ce mai rubutu na bakin gidan waya ya fi kowa sanin asirin gari. Sai ya sayi kaset ya cika shi da magana, ya ba direban motar goro. Ranar da ya iso, Gwaggo takan share tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, maƙwabta su shigo ba gayyata. Malam ya yi gaisuwa, mata su amsa masa da baki, ya yi addu'a su shafa, kamar yana zaune a kan turmi. Shi Mudi a lokacin yana ɗan shekara goma sha shida, ya fara jin ƙamshin kansa, jira kawai yake a gama ya ɗauke rediyon.

"Kawo," in ji Masali.

Ya karɓi kaset ɗin ya juya shi, sai ya tsaya. Ya kai shi kusa da tabarau.

"Babanka mai hankali ne, ya ɓalle haƙoran don kada a naɗi wani abu a kai. To wa ya cusa takarda ya toshe ramukan?"

"Ban sani ba. Sa mu ji, don Allah."

Masali ya sa, ya danna. Zare ya fara juyawa da 'yar ƙara, sai tari, irin na mai gyaran murya.

"Assalamu alaikum, mutanen gida. Ni ne Bature, daga Ikko. Maijidda, ki matso kusa ki saurara da kyau, akwai maganar da..."

Ƙas. Sai kiɗan kalangu, da muryar wani mai gabatarwa cike da fara'a yana yi wa masu sauraro barka da shigowa filin zaɓi sonka.

Mudi ya dafa tebur. Bai buƙaci a gaya masa ba, komai ya dawo masa tiryan-tiryan. Ya sayi kati ya aika gidan rediyon Kaduna, yana gaida wata Amina 'yar mai koko. Ranar da yake sa ran za a karanta, ya rasa sabon kaset, ya zari ɗaya daga tarin na Malam, ya tauna takarda ya toshe ramukan kamar yadda samari ke yi. A zatonsa tsoho ne. Ko da ma na ƙarshen ne, ai wata mai zuwa wani zai zo. Mako biyu bayan nan direban goro ya iso hannu rabbana, ya tsuguna a zaure ya cire hula. Gwaggo ta shiga takaba, ta naɗe kaset ɗin ta ce ba za ta iya ji ba, ba ta kuma sake ji ba.

"Juya ɗaya gefen," ya ce.

Masali ya juya. Gaishe-gaishe ne, sai kanun labarai, ana maganar ranar buɗe kasuwar auduga da rabon taki. Suka bi zaren gaba da baya har ƙarshe. Can kusa da ƙarewa mai gabatarwa ya ce Mudi Bature na gaida Amina, ya ce ta sha kuruminta. Ita kuwa Amina ko ji ba ta yi ba, a shekarar ta auri wani mai injin niƙa a Matazu.

Mudi ya zauna a ƙasa, a gaban rumfa, mutum mai furfura, ya rufe fuska da hula ya yi kuka. Ya matsa wa kansa ya tuno maganar da Malam ya ce akwai. Yana wurin ranar da aka saurara, a kan tabarmar yake, amma ko kalma ɗaya bai riƙe ba.

Masali bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya mayar da zaren farko, ya sa sababbin batir, ya ɗora masa rediyon a cinya.

"Tashi. Sallama dai ta rage, ka kai mata ita. Da babu gara ba daɗi. Da ka ji ya ce 'maganar da', ka danna wannan. Maɓallin komawa baya ne ban yarda da shi ba, yana yi yana ƙi."

Mudi ya sa hannu a aljihu, Masali ya dalla masa harara, ya koma kan wayarsa.

Ana kiran la'asar ya shiga ɗakin mata na asibitin. Najiba na zaune a bakin gado da kofin kunu wanda ta ɗumama sau uku. Gwaggo ta zama 'yar mitsitsiya cikin zanen gado, leɓɓanta sun tsattsage. Najiba ta dube shi da tambaya a ido, ya kau da kai.

"Gwaggo, direba ya iso."

Idon tsohuwar ya buɗe, ya sauka kan rediyon. Ba ta dubi Mudi ba, da ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ta yi alama a tayar da ita, ta lalubi ɗankwalinta ta gyara. Ya danna.

"Assalamu alaikum, mutanen gida."

"Wa alaikumus salam," in ji Gwaggo, da wata murya da suka kwana biyar ba su ji ba. "Maraba, Malam."

Ya kashe daidai inda aka ce masa. Gwaggo ta juya ga Najiba.

"Ke, ba ki ga ya sha hanya ba? Kawo mishi kunu. Tsaya, kada ki ba shi da zafi. Miƙo in ji."

Najiba ta kai cokali bakin Gwaggo. Gwaggo ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye. Suka ga maƙogwaronta ya motsa.

"Ba tsami. Malam na son tsami." Ta juya ga rediyon. "Ina jin ka, Malam."

Ta jira. Najiba ta sake miƙa cokali, ta kau da baki. Mudi ya danna maɓallin komawa baya, ya ƙi. Ya ciro kaset ɗin, ya roƙi biro wurin wata nas, ya zura a ramin ya juya zaren da hannu, ya mayar. Malam ya sake sallama, Gwaggo ta sake amsawa, ta sake cewa a miƙo ta ji. Cokali na biyu ya wuce. A na huɗu Najiba na kuka tana murmushi, nas ta tafi kiran likita.

Bayan na biyar Gwaggo ba ta nemi kunu ba. Ta zuba wa rediyon ido, fuskarta ta canza, ta koma ta mace mai tsoro. Ta kamo hannun rigar Mudi ta jawo shi kusa, ta yi ƙasa da murya don kada Malam ya ji.

"Kai, mi ya sa yake farawa ya fasa? Ya ce in matso, na matso. Ko wani laifi na yi mishi?"

Najiba ta dubi yayanta, ita ma amsar take jira.

"Ba ke kika yi laifi ba, Gwaggo."

"To ka ce mishi ya ƙarasa. Ba ni ƙara sha sai ya ƙarasa."

Ta saki rigarsa, ta gyara zama, ta rufe baki. Mudi ya tsaya da yatsa a kan maɓallin, bai danna ba, bai ɗauke ba.