Taraktar Malam Rabo

Malam Rabo na Mabai bai taɓa mallakar tarakta ba. Ya dai taɓa hawa sau ɗaya, hawan da bai kai tsawon shan fura ba, kuma shi ya hana shi sakat har damina biyu.

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba ne, lokacin da samari ke jingine fartanya suna tafiya Kaduna leburancin gini. Wata ranar kasuwar Ƙanƙara, wasu mutanen birni masu ɗaukar hoton majigi suka hango shi, gemunsa ya burge su. Suka kai shi wata gona can wajen Mairuwa, suka zura masa riga sabuwa fil, suka ɗora shi kan jar tarakta, suka ce ya yi dariya ya ɗaga hannu. Da aka gama aka karɓe rigar, aka ba shi goro. Ya dawo gida ya ba da labari, aka yi dariya, aka manta.

Bayan wata huɗu motar majigi ta sauka a Mabai, aka kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan mai gari. Sai ga Malam Rabo ya cika ƙyallen, haƙora a waje, lasifika kuma tana cewa, "Ga manomin zamani da taraktarsa!"

Shi ke nan. Wa zai ƙaryata lasifika? Aka ce ashe wancan labarin nasa ɓoye arziki ne. Wasu suka ce ya kai ta garin Sabuwa tana masa aikin haya, har aka samu wanda ya gan ta da idonsa. Malam Rabo ya yi rantsuwa ba shi da tarakta har ya gaji. Wanda duk ya zo aro ya koma hannu rabbana, ya ƙara da cewa Malam ya iya rowa.

Zagin bai dame shi kamar gayya ba. A Mabai, in ciyawa ta fi ƙarfin mutum, maƙwabta yake kira su taru su nome masa gona rana ɗaya, ya ciyar da su, gobe shi ma ya je tasu. Malam Rabo ya tsufa, 'ya'yansa maza biyu suna Kaduna. Daminar farko ya kira gayya, matarsa Larai ta tuƙa tuwon mutum talatin, mutum biyu suka zo. Mai tarakta ina ruwansa da fartanyar talaka? Rabin dawarsa ciyawa ta cinye, kuma ya san in aka sake haka bana, rumbunsa ba zai kai su bazara ba.

Farkon damina ta biyu ya je Faskari sunan jika, ya tarar da motar majigi a garin. Bayan isha'i aka nuna na taki da na rigakafi, sai Salihu, mai bayani a lasifika, ya ce yana da wani ɗan gajeren fim na ban dariya. Wani Abdulƙarim ne ya shirya shi, wanda ya daɗe yana riƙe wa mutanen birnin kyamara kafin ya gaji ya bar su.

Fim ne a kan masu yin fim. Ga ubangidansu nan, ƙato mai malafa, yana daka tsawa yana cin ƙwan manomi. Yaransa suna ɗaure wa karan masara goyo da zare. Taraktar da suka ɗora wani manomi a kai ta ƙi tashi, sai ƙarti huɗu suka duƙa a baya suna turawa. Manomin kuwa an sa shi dariya sau goma sha ɗaya har muƙamuƙinsa ya sage. Filin ya kaure da shewa. A ƙarshe aka tuɓe masa riga, mota ta tafi, kiɗa ya ɗauke. Amma Abdulƙarim bai kawar da kyamara ba. Ya bar manomin tsaye cikin 'yar shara, hannu a sama, don ba wanda ya ce masa ya sauke.

Malam Rabo bai yi dariya ba. Shi ma haka ya tsaya a Mairuwa, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, ko Larai. Hawaye suka zubo masa, na daɗi, don a duniya akwai mutum ɗaya da ya san abin da aka yi masa, ya kuma iya nuna shi.

Ya sami Salihu yana naɗe waya. "Yaro, wanga Abdulƙarim, Allah shi yi mashi albarka. Ya ga abin da idanu ba su gani. Don Allah ka kai mani shi Mabai."

"Baba, Sabuwa aka rubuta muna, kuma hanyar ba ta da kyau. Wanga ma ba shi cikin takarda, a ɓoye nike nuna shi." Sai ya ƙura wa gemun ido, ya gane shi. Muryar Salihu ce ta faɗi waccan magana a lasifika a Mabai. Ya sunkuyar da kai. "Ran Laraba, in Allah ya so."

Ya kuwa cika alkawari. Mutanen Mabai suka yi dariya har wasu na faɗowa daga kan tabarma. Malam Rabo ba ƙyallen yake kallo ba, fuskokinsu yake bi ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi, ya tari maƙwabcinsa Gide, wanda shi ke haɗa kan gayya a unguwar.

"To, Gide, ka gani? Haka aka yi mani. Haka, wallahi!"

Gide yana share hawayen dariya. "Kai, Malam, ka iya zance. Wanga ai wasa ne, ba ka ji Salihu ya ce na ban dariya ba? Naka kuwa na hukuma ne. Halan hukuma wasa takan yi?"

Malam Rabo ya tuna gonarsa, ciyawa ta kai gwiwa, dawa ta fara rawaya. Shekara sittin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan, tunda ba shi da wani.

"Gide," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Taraktar ta lalace."

"Subhanallahi! Yaushe?"

"Tun bara. Injin ya ƙone. Kunya ta hana ni faɗi."

"Allah sarki! Malam, don me ba ka yi magana ba? Jibi da sassafe muna gonarka."

Mutum talatin da huɗu suka zo, har da makaɗi. Kafin azahar gona ta yi fes. Kowa ya ɗauki ƙwaryar fura sai ya matso ya yi masa jajen tarakta, Allah ya mayar da alheri. Malam Rabo yana zaune gindin ɗorawa yana amsawa da amin, amin. Larai ce ta miƙo masa tasa furar, ta dube shi, ya kasa ɗaga ido.