Saba'in da Huɗu

Efren Balansag ne kaɗai mutumin da na sani da ya yi wata uku yana fafutukar faɗuwa jarrabawa, kuma ya kasa.

Benci ɗaya muke zama da shi tun daga aji ɗaya, a makarantar tsibirinmu a ƙasar Filifin. Sunan gidansu Balansag, namu Baldoza, malamai kuwa bin haruffa suke yi wajen raba wurin zama, shi ke nan aka liƙa mini shi. Mu sittin da ɗaya ne a aji, fanka ɗaya, littafi ɗaya ga mutum uku. A cikin wannan cunkoso ba wanda ya lura cewa Efren bai iya karatu ba. Ko kuma sun lura, suka kau da kai, wanda shi na fi yarda da shi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. In aka ce ya tashi ya karanta, sai in sunkuyar da kai kamar ina neman biro, in riƙa raɗa masa, yana maimaitawa da babbar murya. Ƙwaƙwalwa gare shi kamar me, abu sau ɗaya yake ji ya riƙe. In jarrabawa ce, in karkata takardata, ya zana abin da ya gani. Shekara biyun annoba da aka riƙa aiko mana da takardun darasi gida, ni na cike nawa na cike nasa, shi kuma yana kawo wa Nanay, wato mahaifiyata, kifi. A lokacin gani nake taimako nake yi. Kowace shekara katinsa yana fitowa da saba'in da biyar, makin da ake haye aji da shi, ba ƙari ba ragi.

A aji goma aka kawo mana Ma'am Luz, wata siririyar malama mai saurin magana, wadda ba ta san dokar wurin ba tukuna. Sati na biyu ta ce Efren ya karanta, ta kuma ce ni in je in goge allo. Na goge allon nan har ya fara ƙyalli, a bayana ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Ba ta tona masa asiri ba. Cewa ta yi, "Zauna, Dong, na ga idonka na ciwo." Dong dai haka muke kiran yaro namiji a wajenmu.

Daga ranar, in an tashi cin abincin rana, sai su zauna a gindin mangwaron bayan ajinmu da littafin 'yan aji ɗaya. Ta naɗe bangon da tsohuwar jarida don kada kowa ya gane. Saurayi ɗan shekara sha shida, hannu duk kanta saboda jan ragar kamun kifi, yana bin baƙaƙe da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba kullum suke samu ba. Yau an tura ta taro, gobe cike-ciken takardu, jibi guguwa ta kwashe kwanon aji an mai da makarantar mafakar jama'a. Duk da haka, kafin Kirsimeti ya iya haɗa gaɓa biyu. Ranar da ya karanta sunan kwalekwalen babansa da kansa, sai da ya zo har gidanmu ya gaya mini, kamar wanda ya tsinci zinariya.

A watan Janairu ne ya ce da ni, muna cin shinkafa da busasshen kifi a kan katanga, "Perla, daga yau ki daina karkato mini takarda."

"Ikon Allah. Ka zama farfesa ke nan?"

"Faɗuwa nake so in yi."

"Ai ba sai ka so ba, Dong. Kai da faɗuwa uwa ɗaya uba ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ya ce in tsaya in ji. Babansa, Manoy Tibo, shekara goma yana fita teku shi kaɗai don ɗansa ya yi makaranta. Yarjejeniyarsu ke nan: shekara goma, a karɓo takardar shaida, sai Efren ya shiga kwalekwale. Aji sha ɗaya a birni yake, tsallaken ruwa, wannan ba na irinsu ba ne. Amma in takardar ba ta fito ba, Manoy Tibo ba zai yarda wahalarsa ta tashi a banza ba, dole ya ce a maimaita. Ƙarin shekara ɗaya ke nan a gindin mangwaro.

"Shekara ɗaya kawai nake so," in ji shi. "Ma'am ta ce in na samu shekara ɗaya, har jarida zan karanta."

"To ka gaya wa babanka gaskiya mana."

"In ce masa me? Tatay, shekara goman nan zane nake yi? Mutumin da ke ce wa abokansa in na gama ni zan riƙa duba musu takardun dillalai kada a cuce su? Gara in ce lissafi ne ya kayar da ni. Kowa ya san lissafi mugu ne."

Saba'in da huɗu yake nema. Maki ɗaya ƙasa da abin da ake ba shi kyauta tun yana ɗan shekara shida.

Ya kuwa dage. Jarrabawar zango na uku ya rubuta sunansa da hannunsa, ya miƙa takarda fara fat. Ta lissafi ma haka, alhali lissafin kifi a ka ba mai kama shi a tsibirin nan. Da aka ce kowa ya kawo tsintsiya ko man goge daɓe a ƙara masa maki, ya ƙi kawowa. Ni kuwa hannuna ya saba, sai in ga takardata ta karkata da kanta, shi kuma ya juya fuska wajen taga. Ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina da amfani, rana ɗaya an sallame ni.

Ma'am Luz ta san abin da yake yi. Ta rubuta masa saba'in da huɗu, ta kai ofis.

Na san abin da ya faru a ofishin domin ranar ni ke goge daɓen baranda, ina murza ɓawon kwakwa da ƙafa, kuma na goge wuri ɗaya, daidai ƙarƙashin taga, na kusan rabin awa. Shugaban makarantarmu, Sir Abella, ba mugu ba ne. Da mugu ne da na fi jin daɗin ba da labarin nan. Dattijo ne mai ciwon gwiwa da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya.

"Ma'am, wannan kuskuren biro ne ko?"

"Ba kuskure ba ne, Sir. Yaron bai iya karatu ba. Shi da kansa ya roƙa."

"Ya roƙa! To ki saurara. In kika kayar da shi, za ki rubuta bayani, ni ma in rubuta. Daga birni za su zo su tambaya yadda aka yi wanda bai iya karatu ba ya kai aji goma. Wa za su tambaya? Malamai tara da suka riga ki. Ɗaya a gidanta kike kwana. Sannan su ce a gwada sauran. Kin san nawa za a samu?"

Bai jira amsarta ba.

"Ni na sani," in ji shi. "Sha huɗu a ajinki kaɗai. Ina zan zuba su baɗi? 'Yan aji tara su sittin da takwas ne suna tafe. A kan mangwaron zan ɗora su?"

"Ɗaya kawai nake roƙo, Sir."

"Ba Balansag ba ne ya hau ya buga mana kwanon aji bayan guguwa? Kwana uku yana sama. Wannan aikin hannu ne, kuma aikin hannu maki gare shi. Ki lissafa da kyau." Na ji ya ja aljihun tebur. "Af, takardarki ta sallama ta iso. Makarantar can ƙasar waje sun ce a watan Yuni suke son ki, ko? Sa hannuna kawai ta rage. Ba ina haɗa maganar biyu ba ne, Ma'am. Tunawa na yi."

A nan ɓawon kwakwar ya tsaya a ƙafata. Ashe tafiya za ta yi. Ashe ko an kayar da shi, a gindin mangwaron ba zai tarar da kowa ba.

Ta fito idonta jawur, ta gan ni, ta san na ji. Ta kira ni yadda ake kiran yarinya a wajenmu, ta ce, "Inday, ƙannena uku ne a makaranta, albashin nan ba ya kai mu tsakiyar wata." Ban tambaye ta ba. Na so in tsane ta, abin ya ƙi, domin ita kaɗai ce a cikin goma ta taɓa aikena goge allo.

Ban gaya wa Efren ba. Na bar shi ya ƙara sati uku yana miƙa farar takarda yana murna. Ranar da aka raba kati, ya buɗe nasa. Lambobi dai ya iya karanta su tun da daɗewa. Saba'in da biyar, kamar kullum. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Perla, me mutum zai yi a garin nan a yarda ya faɗi? Sai na ƙone makarantar?"

"Ko ka ƙone ta, kai za su sa ka gyara, su ba ka tamanin."

Wannan karon ya yi dariya, irin wadda gara kuka da ita.

Ni na zo ta ɗaya, don haka ni aka ba jawabin bikin kammalawa. Taken da aka aiko daga birni shi ne burin matasa game da makomar ilimi a Filifin. Na zauna na rubuta burina na gaskiya, shafi ɗaya. Na ce ina fatan ranar da za a bar yaro ya faɗi in bai iya ba, a kuma samu wanda zai tsaya ya ɗaga shi. Sir Abella ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Kin iya rubutu, Inday. Amma akwai baƙi." Ya miƙo mini wani da aka yi amfani da shi shekara uku da suka wuce, ya ce in canza kwanan wata.

Na karanta shi kuwa. Na tsaya a filin ƙwallon kwando cikin farar riga, rana na dukan mu, na ce nan gaba kowane yaro zai riƙe kwamfuta, ba za a bar kowa a baya ba, mu ne hasken gobe. Aka yi ta tafi. Kowane ɗalibi ya hau dandamali da mahaifinsa ya karɓi takarda. Efren har lambar yabo aka ba shi, ta ɗalibin da ya fi kowa hidima. Manoy Tibo ya sa rigar da ya yi aure da ita, shi da kansa ya maƙala masa lambar a ƙirji. Ma'am Luz tana can ƙarshen layin malamai, tana ta gyaran takardun da ba su buƙatar gyara.

Da la'asar aka yi ɗan biki a ƙofar gidansu. Taliya, gasasshen kifi, maƙwabta da abokan sana'ar Manoy Tibo sun cika benci. An riga an saka takardar a gilashi, tun kafin tawadar ta gama bushewa. Ana cikin ci sai Manoy Tibo ya miƙe, ya buga cokali a kofi.

"Ku yi shiru! Ni dai kun san ni, ko sunana aka rubuta a goshin kifi, sai dai in soya shi." Aka fashe da dariya. "Amma yau gidan nan an samu mai ido. Dong, tashi ka karanta mana abin da gwamnati ta ce a kanka. Da ƙarfi, Berting kurma ne."

"Kurma ubanka," in ji Manoy Berting. "Karanta, yaro, mu ji abin da muka yi shekara goma muna jin labarinsa."

Efren ya tashi ya karɓi gilashin. Na ga yatsarsa ta sauka a kan manyan baƙaƙen tsakiya, ya karanta sunansa, a hankali, shi kaɗai, ba kuskure. Aka yi shewa. Sai yatsar ta gangara layi na gaba, inda rubutun yake ƙanana, da Turanci, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Leɓensa ya motsa. Ya sake motsawa. Wani yaro ya yi tari. Manoy Tibo yana tsaye da kofi a hannu, bakinsa a buɗe don murna, yana jira.

Wata uku Efren bai kalli gefena ba in takarda na gabansa. Ranar ya kalla.

Na tashi da farantina kamar zan ƙaro taliya, na tsaya a bayan kafaɗarsa, na sunkuyar da kai. Na raɗa, ya maimaita da babbar muryar nan tasa. Da bakinsa ya shaida wa babansa da duk unguwa cewa Efren Balansag ya cika dukkan sharuɗɗan karatu yadda ya kamata, kuma ya cancanci wannan shaida. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Manoy Tibo ya share hawaye da bayan hannu, ya ce ranar Litinin sai teku, yanzu ya samu wanda dillali ba zai yi wa wayo ba.

Da hayaniya ta lafa, Efren ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan mai bangon jarida. Ya ce in mayar wa Ma'am kafin ta tafi. Ashe ya sani. Akwai tsinken kwakwa a shafi na ashirin da uku, inda suka tsaya.

"Ka riƙe mana," na ce. "Ranar da ba ka fita ba, ni sai in..."

"Ke da za ki birni?" Ya tura mini shi a hannu. "Na gode, Perla. Yau kin fitar da ni kunya."

Shekara goma ina raɗa masa, bai taɓa ce mini ya gode ba sai ranar. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.