Rigar da Inna Ta Wanke

Leda ta uku ke nan Shugaba ta zazzage a kan gado, rigar ba ta ciki. Ƙarfe tara za a shiga kotu, ga shi takwas har ta gota.

Shugaba dai matan unguwa ne suka laƙaba mata, don ita ta kafa ƙungiyar da ke tsaya wa matan da ake duka. Shekara goma sha ɗaya tana abu ɗaya, ta san yadda yake ƙarewa: kumburi ya sace, maƙwabta su ce ba su ji komai ba, dangi su zo da "a yi haƙuri", shi ke nan magana ta bi ruwa. Wannan karon kuwa tana da abin nunawa. Matar wani direba ce ta gudo musu, riga a yage daga wuya har ƙugu, jini ya bushe a kafaɗa. Takardar asibiti cewa ta yi faɗuwa ce, don mijin ne ya kai ta. Lauya ya ce in babu rigar, mutumin zai kama hanyarsa, matar kuma dangi su mayar masa da ita. Ɗakin ƙungiya ya cika, shi ya sa Shugaba ta kawo matar gida wajen mahaifiyarta.

A ɗakin Inna ta sami rigar, a ninke bisa kujera, tana ƙamshin sabulu, an goge ta tas. Ta ɗaga ta wajen taga, ta juya, ta sake juyawa. Ko alamar yaga babu.

Ai fa sai faɗa. Ta ce sau nawa za ta faɗa kada a taɓa ledar nan? 'Yan sanda sun wahalar da ita, likita ya wahalar da ita, yanzu kuma a cikin gidansu za a kashe mata shari'a? Inna na zaune tana gyara gilashinta, ta ce ita ba ta ga yadda baƙuwa za ta kwana huɗu a gidanta da riga mai jini a ƙulle kamar shara ba. Sai a ce gidan babu manya.

"Inna, shaida ce fa! Wa ma ya yi miki wannan ɗinkin?"

"Ni mana. Shekara ashirin na yi ina irinsa a gidan ubanki. Ke da kike ɗakin, kin taɓa gane wajen?"

Shugaba ta zauna a bakin gado, rigar a cinyarta. A tsakar gida matar direba na ta neman takalminta ɗaya.

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta jawo mayafinta daga ƙusa.

"Daga wuya har ƙugu na ɗinke da hannuna, ruwa uku na zubar kafin jinin ya fita. Alƙalin naku yana sauraron tsofaffi, ko sai riga?"