Makullan Direba

"Yaya, ke kaɗai ɗanmu yake jin maganarki," in ji matar Direba, tana tsaye a bakin shagon Tela, mayafinta a karkace. "Asibiti sun sallamo mu, sun ce babu sauran abin yi. Tun safe babansa yake kiran yaron nan. Ki taimaka ki kawo min shi."

Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Bango ɗaya ne tsakanin shagonta da ɗakinsu, bangon kuwa bai taɓa iya riƙe sirri ba. Shekara da shekaru, in Direba ya dawo daga tafiya, abin da ake fara ji shi ne kacau-kacau ɗin tarin makullan da yake ratayawa a ƙugu. Sai bugun ƙofa, sai tambayar da ba ta da amsa, sai kukan matarsa. Ɗansu yakan sulalo ya shige ƙarƙashin keken Tela, cikin ƙyallaye, ya toshe kunnuwa. Ita kuma ta baza zaninta ta rufe shi. Sau biyu ta je ta buga musu ƙofa, aka ce mata 'yar shisshigi. Sauran mutanen layin kuwa gwanaye ne wajen ƙara muryar rediyo.

Tela ta sami ɗan nasu a rumfarsa ta gyaran agogo, bayansa jingine da bango, fuskarsa na kallon hanya, yadda yake zama kullum. Ya girma, har da gemu. Hannunsa ba ya rawa a kan 'yan mitsi-mitsin ƙarafan cikin agogo, amma bari babur ya yi tartsatsi a waje, sai hantsaki ya suɓuce masa. Barci ba ya zama a idonsa. Wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce ƙwaya yake sha. Likita dai ya ce tsoro ne ya shige shi tun yana ƙarami, ya ƙi fita. Makullin rumfarsa ɗaya ne tak, shi ma ya naɗe shi da roba.

"Gwaggo, in maganar can ce, don Allah kar ki fara."

"Ko sannu da zuwa babu? To na fara. Babanka na gargara."

"Na ji."

"Ba don shi na zo ba, don kai ne. Ka zo ka ga yadda ya koma, ko kofi ba ya iya ɗagawa. Wataƙila in ka gani da idonka abin nan ya sake ka."

Har zuciyarta ta yarda da abin da ta faɗa. Ya daɗe yana kallon agogon da ke tafin hannunsa.

"Za ki tsaya kusa da ni?"

"Yaushe na taɓa matsawa?"

Ɗakin ya cika maƙil, warin magani da zufa. Duk masu rediyon nan sun hallara, kowa ya ɗaura fuskar tausayi. Ganinsu ya sa ran Tela ya ɓaci. Direba na kwance a katifa, ya rame ya tsotse, makullansa na rataye a ƙusa saman kansa.

"Yauwa, ga shi nan," in ji baffan yaron, ƙanin Direba. "Matso ka ce ka yafe wa mahaifinka. Wane uba ne bai taɓa dukan ɗansa ba? Mu ba ga mu nan ba?"

"Ku bar shi ya numfasa," in ji Tela.

Saurayin ya matsa, a hankali, yatsunsa riƙe da gefen mayafinta. Direba ya buɗe ido ya gan shi. Leɓɓansa suka motsa, magana ba ta fito ba. Sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga hannun dama, yana miƙo shi wajen kan ɗansa.

Saurayin ya zube ƙasa, ya rufe kai da hannu biyu.

"Baba, ba ni ba ne! Wallahi ba ni ba ne!"

Muryar ƙaramin yaro ce ta fito daga bakin mai gemu. Hannun Direba ya tsaya a sama, idonsa a kan ɗansa, ya ga komai. Can hannun ya koma kan bargo. Kafin rana ta faɗi ya cika.

A wajen zaman gaisuwa bakuna suka samu abin taunawa.

"Kalma ɗaya fa aka ce ya faɗa."

"Ya kunyata ubansa a kan gadon mutuwa. 'Ya'yan yanzu!"

Tela ta tashi ta bar musu tabarmar. Laifin kanta take gani, domin da ƙafarta ta je ta ɗauko shi.

Washegari da hantsi tana shago, ba ta ɗinki, matar Direba ta shigo, idanunta a kumbure.

"Yaya, ba ki gan shi ba? Baffansa ya ce a ba shi waɗannan, yanzu shi ne mai gida."

Ta miƙo makullan, suka yi kacau. A ƙarƙashin keken, ƙafafu biyu da suka yi wa wurin tsawo suka yi sauri suka naɗe. Matar ta gani, ta dafe baki.

Tela ta karɓi makullan, ta dunƙule su a tafinta har suka yi shiru. Ta jawo kwandon ƙyallaye, ta zaɓi masu laushi, ta fara naɗe makullan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaurewa da zare. Da ɗayan hannun ta gyara zaninta, ta saki gefensa har ƙasa.