Feshin Auta

Mutanen unguwa suna kiranta Mai Taki, kuma tun tana ɓata rai har ta koma amsawa. Sunan ya samo asali ne daga ramukan da ta haƙa a bayan gida, inda take zuba kashin awaki da na kaji, da toka, da kowar wake, ta rufe da kara ta bar su su ruɓe. Gonar da suke ci ita da mijinta ba wata babba ba ce. Ta raba ta kashi-kashi: nan masara, can dawa da wake a tsakanin kunyoyi, can gefe kuma yankin da ake bari ya huta, in shekara ta zagayo ta sauya musu wuri. Tun da gonar ta dawo hannunta, takin zamani da maganin feshi ba su ƙara taka ta ba.

Mijin nata tsohon direban babbar mota ne da ciwon baya ya sauke daga tuƙi. Aikinsa yanzu zaɓen iri. Yakan zauna a inuwar sito da tabarau a kan hanci, yana ware zangarniya mai kyau, yana ba da umarnin da ba mai bi. Hatsin kuwa wata mata mai injin niƙa ce take ɗauka, ta niƙa ta ƙulla a leda, ta kai wa mutanen cikin gari da ke son garin da magani bai taɓa ba.

Gonar da ke maƙwabtaka da su ta ƙanin mijin ce, wanda kowa ke kira Auta ko da yake furfura ta fara fito masa. Shi mutumin feshi ne. Tsakaninsa da matar wansa kullum tsokana ce: ya ce da ita ta mai da gona juji, ta ce da shi ya mai da tasa kantin magani.

Wata safiya a tsakiyar damina, Auta ya goya tankin feshi ya shiga kashe ciyawa, ga iska tana kaɗawa daga wajensa zuwa nata. Mai Taki tana can ɗaya gefen tana juya taki, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Sai bayan 'yan kwanaki ta ga waken da ke bakin iyaka ya yi yaushi, ganyen ya naɗe kamar an babbaka shi, dawar da ke kusa kuma ta yi rawaya. Ta tsuguna ta murza ganye ɗaya a hannu. Ba tsutsa, ba ƙwaro. Ta ɗaga kai ta ga ciyawar gonar Auta ta ƙone ƙurmus, nan ta gane.

Ta dawo gida ranta a dagule. Maigidan ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge, ya ce a yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ita ba yankewa za ta yi ba, amma shekarun da ta yi tana kiwon ƙasar nan kamar jariri ba za su tafi a iska ba saboda ƙaninsa ya ƙi duba sama kafin ya danna famfo.

Kafin ta nemi Auta, sai da ta je wajen mai niƙa. Ta same ta fari fat da gari har gira, ta gaya mata abin da ya faru ba ragi. Matar ta kashe injin don su ji juna, sannan ta ce a ware duk abin da ya fito daga bakin iyakar, a kawo mata na tsakiya. Mai Taki ta fito tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka.

Da ta dawo ta tarar da Auta a tsakar gida, zaune a kan turmi, hula a hannu. Wansa ya riga ya aika masa. Bai yi musu ba. Ya ce ya ga iskar, ya ɗauka ba za ta kai ba, kuma in an yi girbi zai auno mata daga nasa ya cike gurbin.

"Hatsinka da ya sha magani har ya ƙoshi?" in ji ta. "Ko kajina sai sun yi shawara kafin su ci."

Maigidan ya yi dariya har bayan ya motsa, ya dafe ƙugu. Auta ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"To Yaya, ki faɗi abin da kike so."

"Gobe ka zo da diga."

Abin da take so shinge ne. Washegari suka fara haƙa tun daga bakin hanya, suna dasa rassan zogale a jere, a bayansu kuma doguwar ciyawa mai tare iska. Auta yana haƙa yana mita, wai tun da aka haife shi bai taɓa ganin wanda aka yi wa hukunci da dashe ba. Ita tana biye da kwandon taki, tana zuba wa kowane rami, tana cewa ya ƙara zurfi, hannun nan da ya iya danna famfo ai ya iya riƙe diga. Da rana matar Auta ta kawo musu abinci, suka ci tare a ƙarƙashin bishiya, maigidan ya dogaro sanda ya zo duba aiki ya ce layin ya karkace. Suka ci gaba da cin abincinsu.

Auta bai daina feshi ba. Sai dai daga ranar, kafin ya goya tanki, yakan tsaya a iyaka ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, ya kira ta ya tambaye ta ina iska ta dosa. In ta ce a bari, ya sauke ya koma gida.

Girbin shekarar ya yi albarka. Masara ta cika, dawar tsakiya ta yi nauyi har kawunanta suka sunkuya. Na bakin iyakar aka sussuke shi daban aka zuba a wani tsohon buhu. Mai niƙa ta zo da mota ta ɗauki rabonta, abin da ya rage ya ishe su ci da iri har da na kyauta.

Da zogalen ya yi fure, ƙudan zuma suka cika shingen. Wata hantsi maigidan ya je ya tsaya a wajen yana nuna wa Auta inda layin ya karkace, sai zuma ɗaya ta harbe shi a kunne. Mutumin da ya shekara yana cewa ba ya iya sauri, ranar sai ga shi a tsakar gida, sandar tana can a gona. Mai Taki ta zaunar da shi ta cire masa ƙarin da zumar ta bari, tana danne dariya tana shafa masa mai. Da kunnen ya lafa, ta tambaye shi ko tsofaffin katakan da ke bayan sito za su yi amya ta kiwon zuma. Ya ce za su yi, amma ita da Auta za su ɗora ta, shi daga nesa zai riƙa gaya musu yadda ake yi.